Baƙo da Takardarsa: Neman Ranar Ganawa da Jami'an Shige da Fice a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba yadda mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama, da kuma baƙon da ke zaune a cikinsu, za su sami ganawa da jami'an shige da fice, da abin da kan hana wannan ganawa yin amfani.

Da farko dai ya kamata mu tuna cewa baƙunci ba sabon abu ba ne a nan. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a farkon ƙarni na 19, kasuwarta ta zama matattarar fatake, har da masu zuwa Gwanja sayen goro. A wancan zamani baƙo kan sauka wurin fatoma, watau mai masauki, shi ne kuwa mai tsaya masa in wata magana ta taso. Yau takarda ce ta maye gurbin fatoma.

Hukumar Shige da Fice ta rabu da 'yan sanda a 1958, doka ta tabbatar da ita a 1963, yanzu kuma tana aiki bisa dokar 2015. Babban ofishinta na jiha yana Birnin Kebbi. A nan sai mu bambanta abubuwa uku da jama'a kan cakuɗa. Fasfo shaida ce da ƙasarka ke ba ka. Biza izinin shiga ce da wata ƙasa ke bayarwa, saboda haka ɗalibin jami'ar Aliero mai son ƙaro ilmi a Ingila ko Masar, wurin ofishin jakadancin ƙasar zai nema, Birnin Kebbi ba ta da ita. Izinin zama kuwa na baƙo ne wanda ya shigo Nijeriya yana nufin daɗewa.

Mai neman fasfo zai cika takarda ta intanet, ya sa lambarsa ta ɗan ƙasa, ya biya kuɗi ta can, sa'an nan ya zaɓi ofishi da ranar da za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mai nema karo na farko dole ne ya je da kansa, domin ba a aron yatsa. Dillali na iya cika wa mutum takarda, amma in ya cika ta ba daidai ba, mai fasfo ne zai ɗauki hasarar.

Game da baƙi kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, amma mun san akwai mutanen Dosso da Gaya da suka shekara ashirin suna noma da kasuwanci a nan, sun yi aure sun hayayyafa, ba su taɓa neman katin ba. Haɗarin wannan sakaci ya bayyana a watan Janairu na 1983, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takarda su fice, mutane wajen miliyan 2 suka bar ƙasar. Bugu da ƙari, Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar har sai an sake shawara, to amma abin da aka ba ka bisa sassauci ana iya janye shi.

Akwai wata matsala da ta shafi mu malaman harshe kai tsaye, ita ce rubutun suna. Mutum guda yana Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Mamman a bakin iyayensa. Ɗan Nijar kuma takardarsa na ɗauke da Ousmane bisa ƙa'idar Faransanci, alhali a nan an rubuta masa Usman. Haka nan wani ya sa Jega a matsayin sunan mahaifi a wata takarda, a wata kuma ya sa sunan uban nasa. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta harafi take dubawa. In sunan da ke kan takardar nema ya saɓa da na lambar ɗan ƙasa, sai a ce a je a gyara, ranar ganawa ta wuce, kuɗin mota kuma ya tafi a banza.

Daga ƙarshe ina kira ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke ba da takardar shaidar asali, da malaman da ke rubuta sunayen yara ranar shiga makaranta, da su tsaya kan rubutu ɗaya. Ku ɗalibai kuma, kowa ya jera takardunsa ya gwada su da juna tun kafin ya nemi rana, ya kuma taimaki iyayensa da maƙwabtansa baƙi su yi haka.