Na'urar da ke yi wa kifi 20,000 allura a awa ɗaya

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a tankin roba ko tamfol a bayan gida, irin yadda matasa ke yi a Unguwar Kanawa da Kawo, ya san wannan tashin hankalin: ka wayi gari kifi sun daina cin abinci, jikinsu ya yi gyambo, wasu sun kumbura ciki suna yawo a saman ruwa. Sau da yawa ƙwayar bakteriya ce mai suna Aeromonas hydrophila. Abin da aka saba yi kuma shi ne a garzaya shagon magungunan dabbobi a sayo oxytetracycline a zuba a ruwa ko a cuɗa da abinci, ba gwaji, ba awo.

Ƙasar Norway, wadda ta fi kowa kiwon kifin salmon a duniya, ta taɓa shiga irin wannan hali, har ma nata ya fi muni. A shekarar 1987 gonakin kifinta sun yi amfani da kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yanzu tana samar da salmon sama da tan miliyan ɗaya a shekara, amma maganin da take amfani da shi ba ya kai tan ɗaya a yawancin shekarun baya-bayan nan. Babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne rigakafi, musamman wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1990 domin cutar furunkulosis, wadda 'yar uwar waccan bakteriyar, Aeromonas salmonicida, ke haddasawa.

To ta yaya ake yi wa miliyoyin kifaye allura ɗaya bayan ɗaya? A nan fasahar take. Tun kifin yana ƙarami, kafin a kai shi keji a teku, ake saka shi a ruwa mai maganin sa barci. Sai ya bi ta wata hanya a cikin na'ura, kyamara ta ɗauki hotonsa, manhaja ta auna tsawonsa ta gane inda kansa da cikinsa suke, kamar dai yadda wayarka ke gane fuska kafin ta buɗe. Daga nan allura ta sauka daidai kogon cikinsa, ta zuba ɗigon da bai wuce mililita 0.1 ba. Kifin da ya yi ƙanƙanta ko yake da nakasa, na'urar ta ware shi gefe. Wasu na'urorin kamfanin Skala Maskon na Norway suna yi wa kifi 20,000 a awa guda. Ɗigon ya ƙunshi matattun bakteriya da aka haɗa da mai, man ne ke sa rigakafin ya daɗe yana zaburar da garkuwar jikin kifin. Allura ɗaya kan kare shi daga cututtuka da dama.

Shin hakan zai yiwu da tarwaɗa? Vietnam ta riga ta fara da kifinta na pangasius, wanda dangin tarwaɗa ne, da rigakafin kamfanin Pharmaq. Matsalar mu ita ce lissafi. Salmon kifi ne mai tsada da ke shekara biyu zuwa uku kafin a sayar, tarwaɗa kuwa wata huɗu zuwa shida ta shiga kasuwa, kuma mai tanki biyu ba zai sayi irin wannan na'ura ba. A ganina hanyar da ta fi kusa da mu ita ce rigakafin tsomawa, inda ake tsoma 'ya'yan kifi a ruwan rigakafi na ɗan lokaci tun a wurin ƙyanƙyasa. Kariyarsa ba ta kai ta allura ƙarfi da daɗewa ba, amma ba ya buƙatar kyamara.

Kafin hakan ya iso kasuwarmu, a lura: maganin da ake zubawa barkatai yana koya wa bakteriya jure magani, kuma ruwan tankin da ka zubar a kwata yana ɗauke da su zuwa cikin unguwa, daga can zuwa Kogin Kaduna. Idan kifinka sun kamu, nemi likitan dabbobi kafin ka sayi magani, ka kuma tambaye shi kwana nawa za ka jira bayan an gama ba su kafin ka kai su wurin masu gashi.