Haraji bai san yawan bakunan gida ba: lissafin Kafanchan da na iyalan Yahudawa

A Kafanchan, watan Janairu ne ke tona asirin aljihu. Kirsimeti ta wuce da kuɗin shinkafa, kaji da ɗinkin yara. Ranar 1 ga wata jama'a sun cika Kagoro domin bikin Afan, baƙi sun ci sun sha sun koma Abuja da Kaduna, kafin a gama wanke tukwane kuma makarantu sun buɗe zango na biyu suna jiran nasu. Albashin Disamba ya daɗe da zama tarihi. A irin wannan wata ne, ranar 1 ga Janairun 2026, sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

A kan takarda, dokar ta sassauta wa ƙaramin ma'aikaci. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa ta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15 cikin ɗari, daga nan a hau zuwa 18, 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, ya fita daga ragar. An soke tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya, wato naira 200,000 da kashi 20 na albashi, aka maye gurbinsa da rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Kuɗin fansho, na asusun gidaje, na inshorar lafiya da ta rai, duk ana cire su kafin a yi lissafi.

Abin da babu a jerin shi ne yara. Babu tsohuwar da ake riƙo, babu marayun ƙani.

A ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Ma'aikacin da albashinsa naira 150,000 ne a wata, miliyan 1.8 ke nan a shekara. A ce bayan an cire fansho da sauransu an bar miliyan 1.5. Yana biyan hayar naira 300,000, ya samu rangwamen 60,000, saura miliyan 1.44. A cire 800,000 da ba a taɓawa, a ɗora kashi 15 kan 640,000: harajinsa naira 96,000 a shekara, 8,000 a wata. Wannan adadin shi ne na gwauron da ke kwana shi kaɗai a ɗaki ciki da falo, shi ne kuma na abokin aikinsa mai ciyar da mutum tara. Tsohuwar dokar ta taɓa tunawa da 'ya'ya, sai dai tunawar ta zama abin dariya tun da daɗewa: naira 2,500 ga kowane yaro, iyaka huɗu. Yanzu ko alamar ma babu.

Shekarun nan kuwa gidajen Kudancin Kaduna sun yi nauyi. Albashi a nan ba kasafai yake tsayawa da ƙafarsa ba. A bayansa akwai gona, kuma sarauniyar gona ita ce citta. Daga Kachia da Kwoi zuwa Kagarko da Jema'a, busasshiyar citta a ɗaka kamar ajiyar banki take: ita ake fitarwa buhu-buhu idan kuɗin makaranta ya zo, ko aure, ko asibiti. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta faɗa wa gonakin citta ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, har da irin da za a shuka baɗi. Asarar ta kai biliyoyin nairori. A shekarar dai aka janye tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni. Litar fetur da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekarar. Gwamna Uba Sani ya sanar da naira 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin jihar, amma kasuwa ta riga albashin yin nisa. Sannan ga hare-haren da suka tashi ƙauyuka a Zangon Kataf, Kaura, Kauru da Jema'a. Wanda aka ƙona wa gida ba ya neman sansani idan yana da ɗan'uwa mai albashi a gari. Can yake sauka, da mata da yara.

Akwai kuma wani kashin da mai lissafin haraji ba ya gani, ma'aikacin kuwa shi yake fara cirewa. A majami'un ECWA, Anglican, Baptist da na Fentikos, ushiri, wanda wasu ke kira zakka, kashi ɗaya cikin goma ne na abin da hannu ya samu. Ga ma'aikacin misalinmu naira 15,000 ke nan a wata, kusan ninkin harajinsa. Ban da baikon Lahadi, godiyar kaka, gudunmawar gini, da ankon zumuntar mata. Maƙwabcinsa Musulmi a cikin garin Kafanchan ba lallai ajiyarsa ta kai nisabin zakka ba, amma zakkar fidda kai tana kansa bisa kowane mutum da yake ciyarwa, ga ragon layya, ga kuɗin Islamiyya, ga kayan salla sau biyu a shekara. Idan yana noma, ushirin hatsi yana jiransa a masussuka. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya rage masa kwabo a takardar haraji.

Ushirin da ake bayarwa ranar Lahadi a Kagoro ba a Kagoro ya samo asali ba. Daga Attaura ya fito, daga shari'ar da ta umarci Bani Isra'ila su ware ɗaya cikin goma na amfanin ƙasa saboda Lawiyawa da matalauta. Kafanchan ba garin Yahudawa ba ne, kuma 'yan ƙananan jama'ar da ke bin addinin a Najeriya galibinsu suna Kudu maso Gabas ne da gefen Abuja. Amma masu asalin wannan doka sun yi ƙarnuka suna fama da tambayar da ke damun magidancin Kafanchan: yaya za a raba ƙaramin samu tsakanin hukuma, ibada da tukunya? Amsoshinsu sun cancanci a duba.

Da farko sai an kau da wata tatsuniya. A bakin mutanenmu, da an ce Bayahude sai a ce mai kuɗi. Binciken da cibiyar Pew ta yi kan Yahudawan Amurka a 2020 ya nuna cewa kashi 23 na gidajensu suna samun dala 200,000 ko fiye a shekara, wanda ya ɗara matsakaicin ƙasar ƙwarai. Amma binciken ya nuna kuma ɗaya cikin goma ba ya kai dala 30,000. A jihar New York akwai ƙauyen Kiryas Joel, na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, wanda a wajen 2011 alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka suka sa shi a kan gaba wajen yawan talakawa cikin garuruwa masu mutum fiye da 10,000. Dalilin ba baƙo ba ne ga Bahaushe ko Bajju: aure da wuri, haihuwa da yawa, maza masu ba karatun addini shekarun da wasu ke ba sana'a.

Ko masu albashi mai tsoka a cikinsu, riƙo da addini yana da tsada. Naman da aka yanka bisa ƙa'idar kosha, wadda ta yi kama da ta halal amma ta fi ta sharuɗɗa, ya fi na kanti tsada. Ranar Asabar ba a hawa mota, don haka dole a zauna inda ƙafa za ta kai mutum majami'a, gidajen irin waɗannan unguwanni kuma sai su yi tsada saboda kowa can yake nema. Babban dutsen shi ne makaranta. Iyaye suna biyan harajin da ke ɗaukar nauyin makarantun gwamnati, amma 'ya'yansu suna makarantun addini masu zaman kansu, inda kuɗin yaro ɗaya a shekara kan kai dubban daloli masu yawa. Duk wanda ya taɓa cire ɗansa daga firamaren gwamnati ya kai shi makarantar mishan ko ta Islamiyya mai haɗa boko ya san wannan biya biyu.

Bambancin yana wajen hukuma. A Amurka, kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17 yana rage wa iyayensa haraji har dala 2,200 a shekara. A Isra'ila tsarin maki ne: kowane mazaunin ƙasa yana da maki 2.25, mace tana da ƙarin rabin maki, sannan a ƙara wa iyaye maki bisa yawan 'ya'ya da shekarunsu. Maki ɗaya shekel 2,904 ne a shekarar 2025, ana cire shi kai tsaye daga harajin da ya hau kan mutum. Wanda ya ba da sadaka ga ƙungiyar da hukuma ta amince da ita ana mayar masa da kashi 35 na abin da ya bayar. Baya ga haka hukumar inshorar ƙasa tana biyan kuɗin yara wata-wata.

Kada a ɗauka tsarin ya gama da talauci. Makin haraji mai biyan haraji yake amfana. Wanda samunsa bai kai a caje shi ba, makin ba ya zama masa burodi. Shi ya sa iyalan Haredi, inda matsakaicin haihuwa ya haura shida ga kowace mace, kuma kusan rabin maza ne kawai ke aikin albashi, suka fi dogara da kuɗin yara. A 2003, lokacin da Benjamin Netanyahu yake ministan kuɗi, an zaftare wannan kuɗi sosai. Gidaje masu yawan yara sun ji jiki, matan Haredi kuma suka yi ta shiga aiki har yau kusan takwas cikin goma nasu suna aiki. Har gobe ana jayayya a can kan ko gyara aka yi ko zalunci. Darasin da ya shafe mu ya fi wannan sauƙi: a can yawan 'ya'ya magana ce ta kasafin ƙasa, ana faɗa a kanta a majalisa. A nan maganar ba ta ma shiga zauren ba.

Malamansu ma sun sa baki a lissafin gida ta hanyar da ta burge ni. A ƙarni na biyu, a garin Usha na ƙasar Galili, suka yanke cewa kada mai sadaka ya wuce ɗaya cikin biyar na dukiyarsa, don kada shi ma ya wayi gari yana miƙa hannu. Iyaka ce ga mai bayarwa, kuma kariya ce ga iyalinsa. Malamai da dama na zamanin nan sun ce ushirin kuɗi ana lissafa shi ne bayan an cire harajin albashi, domin abin da hukuma ta riƙe tun daga tushe bai shiga hannunka ba. Wannan tambayar, ko daga albashin takarda za a cire ko daga abin da ya faɗo asusu, ana yin ta a ƙofar majami'u a nan ma, amma a ɓoye, kamar abin kunya. Sannan suna da asusun rance marar ruwa da suke kira gemak, wanda ake samu a kusan kowace unguwar masu riƙo da addini. Wasu kuɗi suke rantarwa, wasu kujerun biki, rigar amarya ko gadon jariri. Adashin matan kasuwar Kafanchan da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata 'yan'uwansa ne, sai dai adashi naka yake dawo maka da shi, gemak kuwa yana ranta wa wanda bai zuba komai ba.

Jihar Kaduna ta taɓa gwada tambayar wa ya kamata a caja. Da Balarabe Musa ya hau mulki a Oktoban 1979, ya soke haraji da jangali, domin haraji ne na kai, ba ruwansa da ko kan yana da abin biya. Sabuwar dokar ta bi wannan ruhi wajen yafe wa na ƙasa, kuma ta cire harajin kayayyaki daga kan abincin yau da kullum, magani da littattafan karatu. Wannan abin yabo ne, ko da yake mai sayen masara da mudu a kasuwar ƙauye dama ba ya biyan wannan haraji. Abin da ke cinsa kuɗin mota ne da tikitin da ake yanka wa buhu a hanya da bakin kasuwa.

Ba na ganin ya dace gwamnati ta fara mayar wa mutane da ushirinsu ko kuɗin layyarsu. Ƙasar da ba ta gama sanin yawan majami'u da masallatanta ba, rasiɗin bogi ne zai cika ofisoshin haraji. Yara kuwa ana iya ƙirga su. Akwai takardar haihuwa, akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya ma tuni take rajistar mata ko miji da 'ya'ya huɗu. Rangwame ga kowane yaro, mai iyaka, ba abu ne da ya gagari na'ura ba. Kuma gyaran ba a hannun hukumar harajin Kaduna yake ba. Ita karɓa take yi bisa ma'aunin da Majalisar Tarayya ta gindaya. A Abuja alƙalamin yake, a teburan da yawancin masu karanta wannan shafi ke kai wa fayil.

Rangwamen hayar ma akwai wanda ya tsallake. Ma'aikacin Abuja mai biyan naira miliyan 2.5 a Kubwa ko Lugbe zai ci cikakkiyar naira 500,000. Takwaransa na Kafanchan da ke zaune a gidan gado, ko wanda ya yi shekara goma yana ɗora bulo ɗaya-ɗaya da kuɗin citta har ya rufa ɗaki uku, ba shi da rasiɗin haya da zai nuna. Tsohon rangwamen da aka soke yana samunsa. Sabon bai san da shi ba, ko da mutum goma sha biyu ne ke kwana ƙarƙashin kwanon.