Daga Ina Ƙiba Take Zuwa?

Tun kaka da kakanni mutanenmu suna ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, har idan aka ga mutum ya ajiye teɓa sai a ce ya samu duniya, alhali kuwa likitoci, bayan dogon bincike, sun tabbatar cewa ƙibar da ta wuce kima ƙofa ce ta ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana fama da ita, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Tun da yake halittar ɗan Adam ba ta sake ba cikin shekara talatin, lalle ne mu nemi sababin a cikin kwanonsa.

Asalin al'amarin mizani ne, watau duk abin da mutum ya ci, jiki yana ƙona gwargwadon bukatarsa wajen numfashi da ɗumi da motsi, abin da ya yi saura kuwa ba ya zubarwa, sai ya mai da shi kitse ya adana domin ranar yunwa, wannan kuwa hikima ce ta Mahalicci wadda ta ceci kakanninmu a shekarun fari. Amma su, kafin tuwon dawa ya isa baki, sai an yi noma, an yi sussuka da surfe da niƙa, an ɗebo ruwa a rijiya. Mu kuwa inji ya ɗauke mana wahalar, babur ya ɗauke mana tafiyar, farar shinkafa da burodi da taliyar leda suka maye gurbin hatsin da ke riƙe ciki.

Abu biyu ne suka fi damuna, mai da sukari. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali na sitaci 4 ne kacal, saboda haka doyar da aka tsoma a kaskon suya ta sha bamban da dafaffiya, ko da girmansu ɗaya. Sukari kuwa ya fi ɓarna idan ya zo a ruwa, domin ba ya ƙosarwa. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara, mutum ya shanye a tsaye, sannan ya zauna ya ci abincinsa cif, kamar bai sa kome a ciki ba. A 2019 masu bincike a Amurka suka ajiye mutum 20, suka ba su abincin kamfani na mako biyu da girkin gida na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. Sai aka tarar a kwanakin abincin kamfani suna ƙara kimanin kalori 500 kullum, har suka ƙara kusan kilo guda.

Duk da haka zalunci ne a jingina wa kowane mai jiki haɗama ko israfi, gama akwai gado, akwai ƙarancin barci da ke tayar da yunwa, akwai kuma sinadarin leptin, wanda aka gano a 1994, da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa ya shaida mata an ƙoshi, wanda a jikin waɗansu saƙonsa ba ya samun karɓuwa. Abin takaici shi ne 'yan matanmu da ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi ɓulɓul kafin biki, ba tare da sanin cewa waɗansunsu magungunan wata cuta ne dabam ba, masu kumbura fuska, su tara kitse a ciki, su ɗaga sukarin jini, su raunana ƙashi.