ƘARFEN DA KE CIYAR DA TEKU

Kowace shekara, in hunturu ya kama, hazo yakan rufe Damagaram da Maraɗi. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, iska kuma takan kai wani sashenta har tekun Atlantika. A cikinta akwai ƙarfe, abin da halittun teku ba su rayuwa sai da shi.

Ga dalili. A saman ruwan teku akwai ƙananan tsirrai waɗanda ido ba ya gani. Su ne abincin ƴan halittun da kifi ke ci, su ne kuma ke ba da kusan rabin iskar oksijen da tsirran duniya ke fitarwa. Yadda jinin ɗan Adam ke bukatar ƙarfe, haka tsirran nan ke bukatarsa. Sai dai ƙarfe ba ya daɗewa a narke cikin ruwan teku: da ya haɗu da oksijen sai ya yi tsatsa, ya nutse ƙasa, tsirrai su rasa.

To, mine ne ke tsare shi a sama? A shekarun 1994 da 1995 masana suka gano cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙarfen da ke narke a teku, wasu sinadarai ne da ke fitowa daga jikin masu rai suke riƙe da shi, kamar yadda awartaki ke riƙe ƙarfe a maƙera. Wasunsu daga ruɓewar matattun halittu suke samuwa. Wasu kuwa ƙwayoyin bakteriya ke fitar da su don su kamo ƙarfe. Ana kiransu siderofor, wato masu ɗaukar ƙarfe.

Tun a 1988 wani masani ɗan Amurka, John Martin, ya nuna cewa rashin ƙarfe ke hana tsirran yaɗuwa a wasu sassan teku. An gwada maganarsa a tekun Pasifik a 1993 da 1995: aka zuba ƙarfe cikin ruwa, tsirrai suka ƙaru cikin ƴan kwanaki.

Masu karatu, abin lura shi ne tsirran nan suna shanye iskar gaz karbonik mai ɗumama duniya. Ke nan yawan kifi da yanayin duniya duka suna da nasaba da wannan ɗan ƙarfe da sinadaran da ke riƙe shi.