Daga kaɗa zuwa riga: a ina igiyar ta tsinke?

In ka leƙa shagon tela a Sanyinna ana gab da sallah, ɗauki yadi ɗaya ka duba bakinsa. Da wuya ka ga an saƙa shi a Najeriya. Yawanci daga Sin ko Indiya ya fito. Alhali ga Benin nan kusa da mu, tana cikin ƙasashen da suka fi noman auduga a Afirka. To me ya faru?

Auduga, ko kaɗa kamar yadda muke cewa a ƙasar Sakkwato, ba ta zama riga sai an gurje ta an fitar da angurya, an kaɗa zare, an saƙa, an rina, sannan a ɗinka. Kowane mataki ƙara mata daraja yake yi. Kakanninmu duk a gida suke yin wannan: mata na kaɗi da mazari, masaƙa na fitar da sawaye, marina na turawa. A shekarun 1850 Baturen nan Barth ya tarar tufafin Kano na kai wa har Tambutu da Tarabulus.

Yanzu noma na nan, teloli kuwa sun ma fi na da yawa. Tsakiyar ce ta faɗi, wato kaɗi da saƙa. Injin kaɗi dare da rana yake son ya yi ta juyawa. Wuta na ɗaukewa zare ya tsittsinke, aiki ya tsaya. In kuma ka koma janareta, kuɗin man dizal ya hau kan kowane yadi, ba yadda za ka yi gasa da na Sin. Wannan, haɗe da fasa-ƙwauri da tsufan injuna, shi ya durƙusar da masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da ta Gusau. Masaƙa na rufewa injin gurza ya rasa mai saye, manomi kuma ya koma wa gero da wake. Laifinsa? Ko kaɗan.

Saboda haka audugar Benin ɗanya take hawa jirgin ruwa a Kwatano, mafi yawa zuwa Bangaladash. Yadin Asiya kuma ya sauka a tashar nan, shekaru da dama yana ratsawa ta Nijar kafin ya shigo Kantin Kwari.

Gwamnati ta gwada toshewa: a 2019 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da yadi, aka kuma rufe iyakoki. A ganinmu rufe iyaka ba ya kunna inji. Abin da ya fi ma'ana shi ne raba aiki: Benin ta fara kaɗi da saƙa a Glo-Djigbé, mu kuma ga marina da teloli da kasuwa mafi girma a yankin. Yarjejeniyar ciniki ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, don irin wannan aka yi ta. Sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS a 2025, kuma motar zare ba ta wuce shingen kwastan da takardar yarjejeniya kaɗai.