Ostro-Asiyatik: Dangin Harsunan da Ba Su Kama da Juna

Idan mutumin Biyetnam zai ce uku da huɗu, sai ya ce "ba" da "bốn". Maƙwabcinsa na Kambodiya mai jin Khmer yakan ce "bei" da "buon". Can kuma a jihar Jharkhand ta gabashin Indiya, nisan sama da kilomita 2,000, manomin Santali zai ce "pe" da "pon". Su ukun nan ba mai jin maganar wani, rubutunsu ma kowa da nasa, amma harsunansu tsatso ɗaya suka fito. Wannan zuri'a masana ke kira Ostro-Asiyatik: harsuna sama da 150, masu magana da su sun haura miliyan 100.

Wilhelm Schmidt, wani limamin Katolika Bajamushe mai nazarin harsuna, shi ya raɗa sunan a 1906. Ya ɗauko kalmar Latin mai nufin kudu ya haɗa da Asiya. Ke nan sunan ba ya nufin Ostireliya ko Ostiriya. Kada kuma a rikita shi da Ostronesiya, dangin Malay da Malagasi, ko da Afro-Asiyatik, gidan da Hausa da Larabci suke.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rigimar da aka sha a kan harshen Biyetnam. Ƙasar ta yi kusan shekara dubu a hannun Sin, har zuwa ƙarni na 10, ta ari kalmomin Sinanci birjik. Ga kuma karin sauti har shida. Bahaushe ya san wannan, don da karin murya muke raba kukan yaro da kukar miya. A can gaɓar "ma" kaɗai takan zama fatalwa, ko kabari, ko dashen shinkafa, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Khmer kuwa ba shi da karin sauti. Saboda haka a 1912 Henri Maspero ya ce harshen Biyetnam ɗan gidan su Thai ne masu karin sauti, kuma mutane da yawa suka bi shi.

Sai a 1954 André Haudricourt, wani Bafaranshe, ya warware ƙullin. Ya nuna cewa da can harshen ba shi da karin sauti. Wasu baƙaƙe na ƙarshen kalma ne suka zube, suka bar sawunsu a hawa da saukar murya, aka sami kari uku. Daga baya baƙaƙen farkon kalma, irin su b da p, suka narke suka zama ɗaya, sai kowane kari ya rabu biyu. Shida ke nan. Ina matuƙar son wannan aiki, domin ya tabbatar da cewa ba a gane dangi da kamannin fuska ko yawan aro. A kalmomin gida ake nema: ƙidaya, sassan jiki, kifi, kare, shinkafa. Yawan kalmomin noman shinkafa da harsunan suka gada tare ya sa masana da dama ke ganin manoma ne suka bazu da su, wajen shekara 4,000 da suka wuce.

Wurin amfani da sunan ne ake yawan tuntuɓe. Tsofaffin littattafai sun raba dangin gida biyu: Munda na Indiya, da Mon-Khmer mai ɗauke da duk sauran. Masana irin su Paul Sidwell sun ce ba hujjar wannan rabo, rassa ne goma sha wani abu, Munda ɗaya daga ciki. Duk da haka har yau za ka ga an rubuta Mon-Khmer ana nufin dangin duka. Ni ban yarda da wannan ba, don yana barin harsunan Munda irin su Santali da Mundari da Ho a bakin ƙofa, alhali Santali kaɗai mutum sama da miliyan 7 ke magana da shi. Yana da rubutunsa, Ol Chiki, da Raghunath Murmu ya ƙirƙira a 1925, ya shiga jerin harsunan tsarin mulkin Indiya a 2003, kuma Droupadi Murmu da ta zama shugabar ƙasa a 2022 'yar Santali ce.

Harsuna biyu kacal, na Biyetnam da Khmer, ke da ƙasa tasu. Sauran sun warwatsu a tsakiyar wasu al'ummu: Khasi a tsaunukan Meghalaya ta Indiya, Khmu a Laos, Mon a Miyanma da Tailan. Mon ɗin nan ya yi sarauta a zamaninsa, yana cikin harsuna huɗu da aka sassaƙa a dutsen Myazedi na Miyanma wajen 1113.

Waɗanda nake jin tsoron ɓacewarsu su ne na dazuzzukan Malesiya. Jahai, harshen wasu mafarauta da ba su da yawa, yana da kalmomi wajen goma sha biyu na wari da ƙamshi zalla. Binciken da Asifa Majid da Niclas Burenhult suka wallafa a 2014 ya gano cewa mutanen na ambaton wari da sauƙin da suke ambaton launi, abin da ya gagari masu jin Turanci da aka gwada tare da su.