Tace Bidiyo a Potiskum: Tsara Guntaye da Layin Lokaci

Tace bidiyo shi ne zaɓo guntayen hotunan da aka ɗauka, a yanke abin da ba a buƙata, a jera sauran har su zama labari guda. A Potiskum, cibiyar kasuwancin jihar Yobe, sana'ar tana hannun matasa masu ɗaukar bukukuwan aure, tafsirin watan azumi, hawan sallah da tallan kayan 'yan kasuwa. Abin da ya fi cin lokacinsu shi ne neman guntun da ya ɓace a cikin ɗaruruwa, kuma maganin hakan tsari ne tun daga farko.

A zamanin kaset, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, ana kwafar hoto ne daga wannan kaset zuwa wancan, bi da bi. In an yi kuskure a tsakiya, sai a sake daga nan har ƙarshe. Manhajojin kwamfuta irin su Adobe Premiere, wadda ta fara fitowa a 1991, su suka kawar da wannan wahala. Yau ana aiki da Premiere Pro da DaVinci Resolve a kwamfuta, ko CapCut da KineMaster a waya, kuma tushen aikinsu ɗaya ne.

Manhajar kwamfuta ba ta haɗiye bidiyon da aka shigar mata. Inda yake ajiye kawai take riƙewa. Da zarar an sauya wa fayil suna ko an matsar da shi, sai ta nuna gargaɗi cewa ba ta gan shi ba. Saboda haka ake gina folda kafin a buɗe manhaja: babba guda ta aikin, a cikinta ta bidiyo, ta sauti, ta hotuna da rubutu. In biki ne, sai a raba bidiyon gida-gida: kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Kyamara lamba kawai take ba fayil, kuma kyamarori biyu iri ɗaya suna iya fitar da suna ɗaya, don haka kowace da tata folda. Ba a goge memori sai an kwafi kayan a wuri biyu, domin ba a maimaita ɗaurin aure saboda mai kyamara. Wajibi ne kuma a yi lissafin wurin ajiya: ɗaukar awa guda a 4K, bisa megabit 100 a daƙiƙa, tana cin gigabayit 45.

Layin lokaci shi ne filin da ake jera guntayen. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, layukan hoto suna sama, na sauti suna ƙasa, kuma hoton da ke layin sama yana rufe na ƙarƙashinsa. Ƙwararren edita yakan ba kowane layi aikinsa. Na farko na babbar kyamara ne, na biyu na hotunan ƙari irin su fuskokin mahalarta, na uku na rubutu. Haka ma sauti: magana daban, hayaniyar taro daban, kiɗa daban. Layin da aka gama da shi a kulle shi, kada yanka a wani wuri ya ja shi. Tun a farko ake tsayar da yawan hotuna a daƙiƙa. Talabijin a Najeriya 25 take amfani da shi, yawancin wayoyi kuwa 30 suke ɗauka, kuma cakuɗa su ba tare da lura ba yana sa motsi ya riƙa tsalle.

Tafsiri ya fi kowane aiki nuna amfanin wannan tsari. Kyamara tana can bayan sahu, sauti mai kyau kuwa daga na'urar lasifikar masallaci ake naɗo shi. Edita zai ɗora sautin biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya faɗaɗa zanen muryar, ya daidaita tudun farko na basmalar alaramma mai jan baki a duka biyun, sannan ya kashe na kyamara. Saɓanin hotuna uku ko huɗu ya isa mai kallo ya ga baki ya riga murya. Daga nan sai ya dasa alama a farkon kowace aya, ta yadda ciro bayanin minti biyu don turawa a WhatsApp ba zai sa a sake sauraron karatun awa biyu ba. Kowace rana ta azumi tana da nata layin lokaci, da kwanan wata a sunansa.

Yanka ma hawa-hawa ne. A fara jera labarin a gurguje, a dawo a gyara gaɓoɓi, sai sauti, sai launi, rubutu a ƙarshe. Kafin babban sauyi a kwafi layin lokacin, domin wanda ya ba da aikin yakan ce a mayar masa da shi yadda yake a da. Kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi takan yi nauyi da 4K, sai a yi mata ƙananan kwafi na wucin gadi a yi yankan da su, manhaja ta koma kan na asali lokacin fitarwa. Saboda ɗaukewar wuta, a saita manhajar ta riƙa ajiye aiki da kanta duk bayan minti biyar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kwamfuta mai tsada. Editan da ya kiyaye su yana miƙa aiki a kan lokaci, kuma ko bayan shekara aka dawo neman wani guntu, zai same shi a inda ya ajiye.